Rasuwar Wayar Masu Man Gyaɗa

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, Inna Kubura, shugabar ƙungiyar mata masu man gyaɗa ta bayan Kusugu, na sanar da jama'ar Daura da Zango rasuwar wayar ƙungiya, wadda ta cika ranar Talata da hantsi tana da shekara huɗu.

Marigayiya mai haƙuri ce. Sau biyu tana faɗawa cikin tunkuza, ba ta yi ƙorafi ba. Ba ta taɓa yi wa Inna gorin rashin boko ba: a danna, a yi magana, ta kai saƙo. Kukanta ɗaya ne, ƙiririn-ƙiririn, in mai sayen mai ya nemo.

Ajalin da sallama ya shigo. Wani mai murya irin ta limamai ya kira, ya yi wa Inna ta'aziyyar maigidanta, ya tambayi ƙafar Hasana mataimakiyarta. Ya ce injin markaɗe za a ba su kyauta, a karanto masa lambobi shida da suka shigo yanzu. Inna ta ce wanda ya san ciwon ƙafar Hasana ai ɗan gida ne. Da yake ita ba ta karatu, ta ɗaga wayar sama, mata sha ɗaya suka karanto masa baki ɗaya kamar masu amsa amin. Har albarka ya sa musu.

Azubuike mai gyaran waya ya duba ya ce, Mama, gangar jiki lafiya lau, ran ne aka ɗauke da lambobin nan shida. Yanzu ɓarayin na tura wa mutane tsofaffin saƙonnin gaisuwar Inna, da muryarta, har da tarinta, su biyo da roƙon kuɗin asibiti. 'Yan Zango sun tura. Shekara arba'in Inna ba ta roƙi ko gishiri ba. Jiya ta zauna a gidan suna, mata biyu suka janye jakunkunansu.

Marigayiya ta bar caja mai ɗaurin leda, da mata sha ɗaya da kowacce ke rantsuwa bakinta kawai ta motsa.

Za a yi mata wanka a shagon Azubuike ranar Juma'a bayan la'asar, a binne ta a ƙasan akwatin Inna. Ba a karɓar gaisuwa ta waya. Wanda ya ji Inna Kubura na kuka a wayarsa, kada ya tausaya. Mai ta'aziyya ya tako ya dube ta ido da ido. In har yanzu ya yarda da ita, ga tabarma.