Rasuwar Gwaggo Sikana, Uwar Kaushi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ido a bushe ƙamas, mai zane ta teburin bayan ƙofa a shagon buga hotuna tana sanar da abokan sana'a, masu kawo aiki da 'yan kallo rasuwar sikanarta, na'urar kwafar hoton nan da kowa ya sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana bakin aiki, da gindin tukunya a kan gilashinta.

Marigayiya ba ta yi irin rayuwar 'yan uwanta masu kwafar katin shaida ba. Abin da mutane ke zubarwa shi ake ɗora mata: takardar buhun siminti da ta yamutse, tsumman goge inji, guntun kwanon rufi mai tsatsa, ɓawon fentin bango, har da tsohon zanen ɗaurawa na mahaifiyar mai zane. Takan karɓa ba ƙyama, ta yi "gurrr, ƙiii, tak", ta miƙa hoton cikin kwamfuta. Daga nan mai zane ta shimfiɗa shi a kan hoton da take gyarawa, wannan bisa wancan, ta rage masa ƙarfi har ya narke a ciki, ta share shi daga kan ido da haƙora. Sai fosta ta fito da kaushi, har mutum ya kai yatsa ya shafa don ya tabbatar.

Ta sha tsangwama, baiwar Allah. Yayan mai zane, wanda shi ne mai shagon, bai taɓa kiran aikinta da wani suna ba sai ƙazanta. A wurinsa hoto mai kyau shi ne wanda aka murje fuska ta yi sumul kamar bokitin roba. Ya sha faɗa a gaban baƙi cewa ranar da tsohuwar nan ta mutu, ranar za a daina kwaso shara ana zubawa a kan hotunan mutane, ƙanwarsa ta koma danna maɓallin santsi kamar kowa, ko ta ba wani kujerar. To, ranar ta zo. An lura tun daga Talatar yake shigowa shago yana fito da baki don murna, mutumin da ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa.

Ciwon ajali ya faro ne da wani farin layi da ke ratsa duk abin da ta kwafa. Sai tari. Sai fitilarta ta riƙa tsayawa a tsakiyar hanya tana numfarfashi. Ranar ƙarshe mai zane na neman baƙin hayaƙi na gaske don bangon wani littafi, ta ɗora mata tukunyar da ba ta gama hucewa ba. Gilashi ya ce "ƙas", fitila ta ja "ziii" ta kai rabi, shi ke nan. Mai gyara ya buɗe, ya girgiza kai, ya mayar da murfi. Mai zane ba ta neman afuwar kowa. Rabin hoton ya fito, kuma da shi aka gama bangon littafin.

Ta rasu ta bar kwamfuta ɗaya mai yawan zazzaɓi, wayar haɗi da aka naɗe da salatif, da 'ya'ya da jikoki masu yawa a ma'ajiyar kwamfuta: tsatsa, yashi, saƙar buhu, tabon shayi. Ta kuma bar mai zane, wadda ranta ya ɓaci matuƙa, kuma ba ta da niyyar ɓoyewa. Duk wanda ya zaci kaushi ya bi Gwaggo kabari, to ya sake lissafi.

Ba za a ba masu sayen tsoffin ƙarafa gawar ba, su daina leƙe. Za a karɓi gaisuwa a teburin marigayiya. Masu zuwa su taho da tsumma ko wani abu mai tsatsa, shawara kuwa a ajiye ta a bakin ƙofa.

Jana'iza ranar Asabar ce da safe. Za a zare tsagaggen gilashin, a ɗauki hotonsa da waya a hasken taga, a shimfiɗa hoton a kan zanen sabon allon shagon, wanda Yaya ya ba da aikinsa da fuskarsa a tsakiya, sannan a kafe allon da ƙusa a saman ƙofa. Ana gayyatar Yaya musamman. An tanadar masa wuri a sahun gaba, inda zai fi gani da kyau.