Yadda Ake Burge Mai Binciken Ƙwayoyin Jini Ba Tare da An Gane Komai Ba

Idan wadda kake nema ta fi ka boko, bi matakan nan biyar, aure kamar an ɗaura. Sammani mai sayar da yadi a kasuwar Kwari ya gwada su a shekarar da soja suka miƙa mulki, lokacin da yake neman Azeezat, 'yar Alhaji Quadri na Fagge, mai bincike a kan fararen ƙwayoyin jini.

1. Gyaɗa kai

Za ta yi maka bayani. Azeezat ta ce wa Sammani farar ƙwayar jini tana haɗiye ƙwayar cuta, ta jefa ta cikin wata 'yar jaka mai suna laisosom. A bangon jakar akwai furotin da ke kwashe sinadarin ƙarfe yana fitarwa, har cutar ta rasa abin ci. Kai dai ka ce, "Ikon Allah!" Kada ka wuce sau uku, za ta gano ka.

2. Mayar da zancen kasuwa

Sammani ya ce, "Wato an kulle ɓarawo a shago, maigadi ya kwashe kwanukan abinci?" Ta yi dariya, ta ce saura kaɗan ya gane. Tsaya nan, kada ka nemi ƙari.

3. Shirya wa mahaifinta

Ranar gaisuwa Alhaji Quadri ya tambaye shi, "Ka san aikin 'yata?"

"Baba, sojojin jiki take karanta."

Alhaji ya haɗe rai. "Soja kuma? Jiya-jiya muka rabu da su!"

"Baba, waɗannan in suka koma bariki, sai dai a nemo likkafani."

4. In an ritsa ka, faɗi gaskiya

Alhaji ya leƙa ƙofa, ya rage murya. "Tsakaninka da Allah, ka gane? Ni shekara huɗu ina biyan kuɗin makaranta, ko kalma ɗaya ban gane ba."

"Wallahi Baba, ni ma ko ɗigo."

Alhaji ya riƙe hannunsa. "Turo magabatanka."

5. Kada ka cika baki

Nan Sammani ya kwafsa. Ranar walima ya ce wa abokansa ko jininsa zai bayar saboda ilimi. Amarya ta ji. Ranar Litinin ta fito da allura da 'yan kwalabe shida. Kafin ta gama ɗaure masa hannu ya sume a kan sabuwar kujera. Ta ɗiba kafin ya farfaɗo.

Gargaɗi: duk wanda ya bi matakan nan, abin da ya same shi babu ruwana. Jininka ne, ba nawa ba.