Tafin Hannun Kawu a Kan Dashen Gashina

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka rufe boda ba. Mutanen Mai'adua suna tuna ta da tsadar shinkafa. Ni kuwa ina tuna ta da abin da aka yi wa kaina a zauren gidanmu a Daura, kuma har yau in ya faɗo mini sai raina ya ɓaci.

Ban kai shekara talatin ba sanƙo ya kama ni. Ya fara ta gefen goshi, yana ja da baya a hankali. Hula tana rufa asiri, amma wurin alwala dole a cire ta a shafi kai, kuma nan taubashina Lawwali, ɗan kawuna, yake jirana kullum.

"Malam, ina goshin nan zai tsaya ne? Wankin fuskarka ya kusa kai ƙeya. In ƙaro maka buta?"

Ni mai karantar da yara ne, ba na biye wa wawa. Amma maganar ta ci ni. Na tambayi malamaina hukuncin dashen gashi, suka ce in gashin mutum ne aka ciro daga ƙeyarsa aka maido gaba, magani ne, babu laifi. Sai na sayar da san da ake yi mini kiwo a Baure, na nufi wani asibiti a Kano. A gida na ce ziyarar malami za ni (Allah Ya yafe mini). Likita ya ce sai da ɗan rakiya, na rasa wanda zan ɗauka duk duniya sai Lawwali.

Da aka gama, likita ya ja mini kunne. Ba hula, ba rana, kada goshi ya taɓa ƙasa, sallah sai da nuni. Ya ce kowane sili kamar dashen albasa ne, in hannu ya goge shi kafin ya kama, ya tafi ke nan.

Na dawo na ƙule a ɗaki, na yafa ƙyalle mara nauyi a ka. Abin da ban lissafa ba shi ne halin unguwarmu: in aka daina ganin mutum a sahu, ba a tambaya, dubiya ake zuwa. Bayan wata la'asar dattawa suka cika zaure, aka ce in fito. Na fito fuska a kumbure, idanu sun kusa rufewa. Kawu Malam Idi, uban Lawwali, ya sa hannu ya yaye ƙyallen.

Kai a aske ƙwal, gaba da baya duk jajayen ɗigo da ɓawo. 

"Wannan ba ciwon asibiti ba ne," in ji wani dattijo. "Kambun baka ne. Yaro mai karatu, baki ya yi masa yawa."

Na dubi Lawwali, ina roƙonsa da ido. Ya sunkuyar da kai kamar mai shirin kuka, ya ce, "Baba, ni tun a hanya nake cewa a yi masa tofi. A shafa masa sosai."

Kawu ya karanta abin da ya karanta, ya tofa a tafin hannu. Hannun nan fa na manomi ne, kamar busasshen ƙirgi. Ya ɗora a goshina, ya ja shi har tsakar ka, da iyakar ƙaunar da yake yi mini. Ina ji, ina ganin sana yana narkewa. Da na ɗaga ido sai na ga sauran dattawan suna naɗe hannun riga suna matsowa, wani kuma ya riƙo ƙoƙon rubutun da za a wanke mini kai da shi. Hannu na biyu yana saukowa na kauce, na ɗaga murya a gaban iyayena, abin da ban taɓa yi ba.

"Don Allah ku dakata! Dashe ne. Sa na sayar."

"Dashen me?" in ji Kawu.

"Gashi."

"A ina aka samo irin?"

"A ƙeyata."

"Wato ka sayar da sa guda, aka kwashe na baya aka kawo gaba."

 Sai Kawu ya cire hularsa. Ban taɓa lura ba sai ranar, babu sili ɗaya a kansa, sai ƙyalli. Na kusa da shi ma ya ɗaga tasa, na gaba ma haka. Ashe duk zauren ni ne na fi kowa gashi. Suka maida huluna, suka yi mini addu'ar shiriya, suka tafi. Kafin magariba yaran da nake karantarwa sun san sabon sunana, Malam Mai Dashe.

Gashin ya fito, ba laifi, sai dai inda hannun Kawu ya bi. Nan ya zauna fayau, burtali tun daga goshi har tsakar ka. Abin da ya fi ƙona mini rai, har yau Kawu yana gaya wa mutane cewa addu'arsa ce ta tsirar da sauran, kuma da ban kauce ba da ya cika. Ba wanda ya ba ni haƙuri.

Na koyi abu guda: a garin da ake lura da sahu, mai son ɓoye ƙarya kada ya bar masallaci, kada kuma ya ɗauki taubashi rakiya.

Bara Lawwali ya same ni a zaure, ya waiga, ya cire hula, ya tambaye ni asibitin da murya ƙasa-ƙasa. Na raka shi har Kano, na dawo da shi lafiya, ban kuma tona masa asiri ba. Na dai tsaya bayan sallar azahar na ce wa Kawu kwana biyu ban ga Lawwali a sahu ba.