Yadda Za Ka Fitar da Sabuwar Waƙa Ba Tare da An Ga Haƙoranka Ba

Ka zo wurin da ya dace. Shekara tara ina kaɗa jita a ƙungiyar Lalataccen Lif a nan Leeds, kuma na rantse in ka bi matakan nan, sai waƙarka ta zaga gari.

1. Kada ka rera

Masu kiɗan fos-fank irinmu ba ma rerawa, mita muke yi a kan kiɗa. Mawaƙinmu Lorcan ya yi minti uku yana ƙorafin motar bas da ta ƙi zuwa, muka sa wa abin suna "Talata a Tasha". In wani ya fahimci baitin a ji na farko, goge shi.

2. Samu wanda zai yi barazanar tafiya

Ƙungiya ba ta motsi sai da tsoro. Tamsin mai ganguna ta ajiye sandunanta ta ce, "Ku ji, ku biyun nan. In mutum dubu ba su kalli bidiyon sabuwar waƙar nan a mako guda ba, na tafi garin Hull sayar da darduma a shagon kawuna."

Lorcan ya ce, "Ke? Darduma?"

"Ita aƙalla ana saye."

Ba mu da wata mai ganguna. Ba mu da wata ƙawa ma.

3. Nemi wuri mai muni

Bayan tsohuwar masaƙa, inda tagogi suka farfashe. Jira ruwan sama, ba za ka daɗe ba. Kowa ya sa baƙi, kowa ya kalli gefe kamar an yi masa rasuwa. Murmushi haramun ne. Mai murmushi, ai ɗan biki ne.

4. Kada ka gaya wa uwarka inda kake

A nan Lorcan ya kashe mu. Ya ari motar mahaifiyarsa, Misis Pickersgill, ta tambayi inda za shi, sakaran ya faɗa.

Mun kafa kyamara, Tamsin ta fara duka, Lorcan ya ɗaure fuska kamar alƙali. Sai ga Mama cikin rigar ruwa ruwan hoda, ta sauko daga bas da fulas ɗin shayi, ta ratso tsakiyarmu.

"Lolly! Ina rigar sanyinka? So kake mura ta kwantar min da kai?"

"Mama, ɗauka muke yi," ya ce ta gefen baki.

"To ku ɗauka mana, na hana ku? Ɗago wuya."

Ta naɗa masa gyale, ta lashi yatsa ta goge baƙin kwallin da ya yi awa guda yana shafawa. Ta cusa mini biskit a baki tana cewa na rame. Tamsin tana dariya har da hawaye, amma ko bugu ɗaya bai kuɓuce mata ba. Waƙa na ƙarewa, ruwa ya shiga kyamara ta mutu. Wannan ɗaukar ɗaya tak muka tsira da ita.

5. Saki abin da ka samu

Lorcan ya ce gara ya mutu da duniya ta ji ana kiransa Lolly. Tamsin ba ta yi musu ba, ta buɗe waya tana duba jirgin ƙasan Hull. Lorcan ya kalle ta, ya kalle ni.

"Saka shi," ya ce, ya kife kai a tebur.

6. Ce da gangan ne

Kafin Juma'a mutum dubu arba'in sun kalla, Tamsin ta buga wa kawunta ta ba shi haƙuri. Da wata 'yar jarida ta tambayi ma'anar matar mai rigar hoda, na kalli nesa na ce, "Ita ce gwamnati." Ta rubuta. Koyi wannan kallon, yana maganin kowace tambaya.

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo baya, babu ruwana. Mu dai a wasanmu na Asabar, jama'a sun ƙi bari mu fara sai da Mama ta hau dandamali ta ɗaga hannu. Yanzu wasiƙun gayyata da sunanta suke zuwa, kuma ta ce waƙa ta gaba a sa mata ɗan daɗi, don ƙawayenta na coci za su zo. In taka uwar ta fi tamu, kada ka neme ni.