Rasuwar Zuƙau, Injin Zuƙe Ƙura

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da garin katako, nake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar injin zuƙe ƙurata, wanda duk gidan nan muke kira Zuƙau. Ya cika a bakin aikinsa, cikin ƙaramin ɗakin da ke jikin kicin, inda nake juya katako ina fitar da ƙafafun kujera da kwanoni.

Marigayi ya shigo gidan nan a lokacin rikici. Kafin zuwansa garin katako ne ke mulkinmu: yana cikin shayi, yana kan matashin kai, har a kunnen autarmu an same shi. Ranar da surukata ta kawo ziyara ta koma gida da farar gira, matata ta yanke hukunci. Ta ce ɗakin nan nawa ne muddin akwai mai zuƙe ƙura a ciki, ranar da ta daina jin kukansa kuwa, injin juya katako ya bar gidan, keken ɗinkinta ya shiga.

Zuƙau ya riƙe amana. Bai taɓa zaɓen abinci ba. Ya ci garin katako mai laushi da mai kaushi, ya ci ƙusa, ya ci fensirina da murfin man goge katako, bai taɓa cewa ya ƙoshi ba. Muryarsa ɗaya ce tun zuwansa, wuuuuuu, kuma muryar nan ce ta riƙe min ɗakina da zaman lafiyata. Wallahi na so shi.

Jinyarsa ta fara ranar da ya haɗiye safata. Da farko ya koma wuu-gurr-wuu, sai tari, sai wani wari kamar ana babbaka gashi. Na kashe shi, na yi masa fifita da kwali, na sake kunnawa. Ya ce kaf, ya yi shiru. Ƙanin matata, wanda ke taɓa gyaran lantarki, ya shigo ta ƙofar baya ya buɗe cikinsa, ya shinshina, ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaya, sai haƙuri, ya riga ya tafi." Na roƙe shi kada yayarsa ta ji.

Ya rasu ya bar tiyo mai tsawo, wanda yanzu ke kwance a ƙasa ba ya cewa komai, da bokiti mai murfi da ke tare masa manyan gutsattsari, da buhun tace ƙura da bai ga ruwa ba tun yana sabo. Akwai kuma masu neman gadonsa. Tsintsiya ta gwada, ta ɗauke ƙurar daga ƙasa ta mayar da ita sama. Fankar da na kafa a taga ta kwashe ƙurar tas, ta juye ta kan shanyar maƙwabciya, har yau ba ta amsa gaisuwata. Takunkumin hanci kuwa ni kaɗai ya sani, ba ruwansa da labule.

Jama'a za su yi mamakin jinkirin wannan sanarwa. Dalili shi ne ni na gaji marigayi. Kullum in na kunna injin juya katako sai in toshe ƙarƙashin ƙofa da tsumma, in cika ƙirji da iska, in kama wuuuuuu da bakina. Har na gwanance, ina ma sa ɗan gurr a tsakiya don kada a ce ya warke farat ɗaya. Abin ya tafi daidai har ranar da aka ɗauke wuta da rana tsaka. Injin ya tsaya, firij ya yi shiru, rediyon kicin ya mutu, ni kuwa ido a rufe saboda ƙura, ina nan ina ta wuuuuuu bil haƙƙi.

Da na buɗe ido matata na tsaye a bakin ƙofa. Ta dube ni, ta dubi gawar da na lulluɓe da buhu, ta ce, "Sannu, Malam. Wannan sabon injin naka ko wuta ba ya sha." Daga nan ta ɗauko awon ɗinkinta ta fara gwada bango.

Za a fitar da Zuƙau gobe da hantsi daga ƙofar gida, mai sayen tsofaffin ƙarafa ne zai jagoranci rakiya da baronsa. Ana roƙon masu ta'aziyya su karkaɗe jikinsu kafin su shiga falo, kuma kada a sa ni dogon jawabi, maƙogwarona ya dishe. Duk mai injin zuƙe ƙura da ke kwance a ƙarƙashin gado, ko gurgu ne, ko mai tari ne, don Allah ya taho da shi kafin a ɗaga gawa. Matata ce ta kira mai baron, na kuma leƙa na gani da idona, baron na ɗaukar inji biyu ne.