Yadda Alhaji Barmo Ya Juya wa Motar Lantarki Baya

Da sunan Mai kowa Mai komai muke buɗe wannan tarihi na Alhaji Barmo, Sarkin Dillalan karar Kukar Bauna, ɗan Jatau Mai Igiya wanda ya sayar wa mutum guda sa mai ido ɗaya har sau biyu, ɗan Tanko Karya-Farashi wanda ya yi kwana uku yana cinikin tunkiya har mai ita ya bar masa kyauta don ya samu ya huta, ɗan Buwai, ɗan wani bawan Allah da masana nasaba suka ce a sakaya sunansa saboda dalilan shari'a. Barmo gagara tayi, Barmo dodon kasuwar Talata, mai duba haƙorin sa ya faɗa maka ranar da aka haife shi, mai rantsuwa kafin a tambaye shi, na Tabawa ba ka sayen ko goro sai an rage!

Amma bayan haka, ya kamata mai karatu ya san cewa gidan Buwai na da makami guda da suka gada kaka da kakanni, wato juya baya. Idan ɗan gidan ya yi tayi mai dabba ya ce albarka, sai ya kaɗe riga, ya yi tsaki, ya juya ya kama tafiya, kuma kafin ya cika taku bakwai za ka ji an ƙwala masa kira: "Dawo, Alhaji, na sallama!" Shekara arba'in Barmo na kara, ba a taɓa barin sa ya yi taku na takwas ba. Haka kuma ba a taɓa jin wani daga zuriyar ya koma gaban mai kaya ba tare da an kira shi ba.

Musabbabin wannan yaƙi ya auku ne a shekarar da man fetur ya yi ɓatan dabo. Ran wata Talata, tsohuwar motar Barmo, wadda duk gari ke kira Gwaggo, ta shanye ɗigon manta na ƙarshe a daidai ƙofar kara, aka ga Sarkin Dillalai ya naɗe babbar riga a kafaɗa yana turi, rawani ya karkace. Sai ga Alhaji Mati Mai Hatsi, abokin gabarsa tun suna rigimar ƙwallo a bakin kasuwa, ya sauke gilashin motarsa ya ce, "Sannu da aiki, ranka ya daɗe! Ni dai na kusa hutawa. Jumma'ar nan zan shiga Kano in kama motar da ba ta shan mai, sai dai a jona ta kamar waya."

Nan take jinin Buwai ya tafasa. Barmo ya haye tarin buhunan dusa, ya ɗaga hannu a gaban dillalai da mahauta da masu fura da shanu kimanin ɗari biyu, ya yi shelar da har yau ake maimaitawa: "Motar lantarki ta farko a garin nan, a ƙofar gidana za ta tsaya! In ba haka ba, in cire rawanin nan da hannuna in miƙa wa Mati!" Jama'a suka yi kabbara, wani bijimi ya yi kuka, sannan aka taimaka masa ya sauko.

Ranar Alhamis da hantsi rundunar ta ɗaura ɗamara. Ta ƙunshi shi kansa amirul jaishi, da Gwaggo wadda aka ɗura wa galan biyu na 'yan bumburutu, da kuma mai ɗakinsa Hajiya Tabawa, mai injin matsar man gyaɗa, wadda ba ta da niyyar jihadi ko kaɗan, ta dai ce a rage mata hanya tana da masu sayen mai da za ta gani a Kano.

Sansanin abokan gaba wani gidan gilashi ne a kan titin Zariya, mai sanyi kamar randa. Wata ma'aikaciya, Malama Rumasa'u, ta tarbe su da fara'a ta yi musu bayani. Motoci uku da ke tsaye ɗin nan na gani ne kawai. Jirgin ruwa zai kawo arba'in nan da wata huɗu, duk mai so sai ya ba da kafin alƙalami a ajiye masa gurbi, ko a nan ko ta waya, kuma in arba'in ɗin suka cika sai jirgin baɗi. Ta nuna wani allo a bango da ke nuna guraben da suka rage. Tara ne. Barmo ya yi murmushin wanda ya ga jiya, domin a kara ma babu mai saniyar da ba ya cewa jiya wani ya taya.

Daga nan aka shiga babin gwaji da muƙabala, wanda ya ci yinin nan cur. Jarumin ya raɗa wa babbar baƙar mai kujera bakwai suna Bajimi, farar matsakaiciyar ya kira ta Karsana, ƙaramar koriyar kuwa ya dube ta sau ɗaya a wulaƙance ya ce 'Yar Akuya. Ya zagaya Bajimi sau bakwai. Ya daddaki tayoyinta, ya shafa bayanta, ya auna faɗinta da kamu, ya sa a buɗe masa bonet don ya ga inji, ya tarar da wani akwati wayam da za a iya zuba kwano goma na dawa a ciki, ya daɗe yana kallon sa cikin alhini. Ya kwanta rub da ciki a kan tayil yana neman salansa, bai samu ba. Ya ce a tayar da ita ya ji muryarta, aka ce ai ta yi minti goma a kunne. An faɗa masa Bajimi na cin kilomita ɗari biyar da caji ɗaya, Karsana ɗari huɗu amma ta fi saurin ƙoshi, 'Yar Akuya ɗari biyu da hamsin, sai ya sa aka mayar masa da lissafin zuwa yawan zuwa da dawowa tsakanin gidansa da kara, sannan ya ce bai yarda ba, a sake.

Hajiya Tabawa na zaune a kujerar baƙi, ta cire takalmi tana hutawa. Tambaya ɗaya ta yi duk yinin. "'Yata, wacce ce a ciki za ta cika da solar da ke kan rufin injina?"

"Koriyar, Hajiya. In kin jona ta da hantsi, kafin la'asar ta yi dam."

"Hajiya," in ji Barmo, kansa na cikin but ɗin Karsana, "ki bari maza su gama da ƙarfe tukuna."

Ta ce to. Da aka tashi rufe gidan, allon na nuna huɗu.

Safiyar Jumma'a, ranar gumurzu, Sarkin Dillalai ya dawo da riga mai aska takwas da sabon naɗi, ya tsaya gaban teburin Malama Rumasa'u, ya bayyana wa duniya cewa Bajimi ya zaɓa. Sannan ya zare takobin tayi, ya sare kashi ɗaya cikin uku na kuɗin.

"Alhaji, farashin a rubuce yake. Ko ni ba ni da ikon taɓa shi."

A kunnen Barmo wannan albarka ce irin ta birni, don haka ya shiga zayyana aibobin Bajimi kamar yadda sunna ta dillanci ta tanada: ba ta da inji, ba ta da murya, baƙin fenti na jan zafi, kuma idan ka dube ta ta gefe ƙafar baya kamar ta ɗan fi ta gaba gajarta. Yana cikin wannan huɗuba allon ya koma biyu. Ya ƙara kaɗan a kan tayinsa, ya rantse da kabarin Jatau cewa ko ɗan'uwansa ba zai ba haka ba. Allon ya koma ɗaya.

"Alhaji, wallahi da gaske ne, mutane na kamawa ta waya. Gurbi ɗaya ya rage."

Sai ya ga lokaci ya yi. Ya kaɗe riga, ya ja tsakin da ya sa mai gadi ya waiwayo, ya juya baya.

Taku ɗaya, ƙasa ta amsa. Taku uku, ya gyara hannun riga. Taku biyar, ya rage sauri don ya ba yarinyar damar tattara hankalinta. A taku na bakwai ya kasa kunne, ya ji ƙarar na'urar sanyaya ɗaki kawai, ƙofar gilashin kuma ta buɗe da kanta ba tare da ko ta roƙe shi ya tsaya ba. Haka ɗan Jatau ya yi taku na takwas, wanda babu wani daga zuriyar Buwai da ya taɓa sanin ɗanɗanonsa, ya yi na ashirin, ya yi na talatin da biyu, ya tsinci kansa a gindin wani dogonyaro kusa da mai gasa masara. Don kada a ce jira yake, ya sayi masara. Ya cinye, ba a kira shi ba. Ya sayi ta biyu, kuma abin da ya fi ba marubucin wannan tarihi tausayi shi ne ko ragi bai nema ba. Ta cikin gilashi yana hango Malama Rumasa'u ta koma kusa da Hajiya suna hira suna dariya, ko inda yake ba su kallo.

Yana tsakiyar masara ta uku sai ga motar Alhaji Mati ta kunno kai, domin shi ma irin mutanen nan ne da ba sa sayen abu sai sun daddaka shi da hannu. Mati ya fito, ya gyara hula, ya nufi ƙofa.

A nan ne aka yi yaƙin gaskiya, a cikin ƙirjin Barmo. Kakanni huɗu suka tsaya a dama suna cewa ba a komawa sai an kira, rawani ya tsaya a hagu yana tuna masa yadda zai zauna a kan ƙoƙon kan Mati mai sanƙo. Tsoro ya kama shi, tsoro na haƙiƙa. Ya yar da masara, ya tattare riga mai aska takwas, ya zura da gudu, takalmi ɗaya ya yi shahada a bakin kwata, ya faɗa gidan gilashin yana kururuwar yaƙi: "Ni na fara gani! Na saya yadda aka rubuta!"

Allon na nuna sifili. Mati na tsaye gaban tebur baki buɗe, ana ba shi haƙuri sai jirgin baɗi.

Barmo ya zube a kan kujera, yana haki. "Wane ne? Wane azzalumin ne ya ɗauke?"

"Mutumin Kukar Bauna ne, Alhaji," in ji Malama Rumasa'u, tana danne dariya. "Minti biyar ke nan."

"Ni ce," in ji Hajiya Tabawa, tana mayar da waya cikin jaka. "Na ga ka fita cin masara, na ce kada a bar gurbin ya tafi."

Farin ciki ya ɗaga jarumin tsaye. Ya dubi Mati daga sama har ƙasa, ya dafa rawaninsa, ya buɗe baki zai yi wa kansa kirari, sai wani tunani ya tsayar da shi. "Bajimi kika kama?"

"Koriyar."

"'Yar Akuya?"

"Ita solata za ta ciyar. Da sunana, da kuɗin man gyaɗata. A ƙofar gidanka dai za ta tsaya, ai haka ka rantse."

Ya haɗiye wannan da ƙyar. Sannan ya sunkuya, ya rage murya, ya yi tambayar da ta fi ci masa rai. "Nawa suka rage miki?"

"Ko kwabo."

Masu riwaya sun ce wannan ce kibiyar da ta same shi. Ya yi salati a hankali, ya nemi gafarar Tanko Karya-Farashi.

"Kada ka damu, Alhaji," in ji ta, tana sa takalmi. "Duk Talata zan riƙa sauke ka a kara, in ka shirya da wuri."

Haka aka ci wannan gagarumar nasara, rawani ya tsira, Mati ya koma hannu Rabbana. Da rundunar ta fito za ta koma gida sai Gwaggo ta ƙi tashi. Hajiya Tabawa ta shiga ta kama sitiyari, ta ce gara ta fara koyo tun yanzu, Sarkin Dillalan Kukar Bauna kuwa ya naɗe riga a kafaɗa, da takalmi ɗaya, ya koma baya ya fara turi.