Ranar da Na Ari Muryar Kawu Bawa

Ba zan taɓa mantawa ba, na ma gwada mantawar ta ƙi, da yammacin da aka buɗe mini ƙofar motar majigi a Maradun ina tsaka da magana da muryar wani. Amma bari in fara da Ba'amurken da ya ja mini, ko da yake shi bawan Allah bai ma san akwai wani gari wai shi Talata Mafara, garinmu, ba.

A shekarun da ake gina madatsar Bakolori, ni saurayi ne mai ɗan ilimin firamare da ƙaton kai. Shara nake yi a sansanin Turawan da ke aikin. Ran Asabar sukan kafa farin ƙyalle su kalli fim, mu kuma mu leƙa ta bayan waya. A nan na san mutumin. Sunansa na gaskiya har yau harshena bai iya juya shi ba. Mu dai Sha-Harsashi muke ce masa, domin a kowane fim na kaboyi shi ne ke tsaye bayan uban 'yan fashi, shi ne kuma farkon wanda ake harbewa. Ba kyau, ba tsawo, ga hanci kamar an taka. Sai dai murya! Yau ka ji shi da ta tsoho, gobe ta mashayi, jibi ta mai wa'azi.

Wani Bature makanike mai son surutu ne ya ba ni tarihinsa, ina miƙa masa sifana. Wai ɗan talakawa ne, ya fara da wasan kwaikwayo a rediyo, ya koma fim ya yi shekaru ana kashe shi, daga nan ya shiga talabijin yana fitowa a mai kanti ko ɗan sanda. Da tsufa ya zo, fuska ta daina sayuwa, sai ya koma sayar da murya zalla. A zana jaki ko kare ko mujiya su riƙa motsi, shi kuma yana can cikin wani ɗaki a rufe, ya runtse ido yana yi musu magana. Yaran Amurka kaf sun san muryarsa, ba wanda ya san fuskarsa. Da wannan sana'a, in ji makaniken, ya gina gida har da tafkin wanka a tsakar gida.

To, daga ranar na lalace. Ai ni ma na iya kwaikwayo! Ladanin unguwarmu, mai tallan kilishi, direban tifa, babu wanda ban kwafe ba. (Tafkin wankan nan kuwa har wurin da zan haƙa shi na zaɓa, bayan rumbun Inna.)

Wanda na fi ƙwarewa a kansa shi ne Kawu Bawa, yayan Inna. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, da albasar fadamarsa aka sa ni makaranta. Muryarsa kakkaura ce, a dushe, kuma ba ya fara zance sai ya yi gyaran murya ya ce, “To, ku saurara da kyau.” Ruwan madatsa ya cinye fadamarsa da ta mutanen ƙauyensu kusa da Maradun, aka kwashe su aka zube a kan tudu mai tsakuwa. Suka naɗa shi bakinsu. Shi ke zuwa gaban manya yana cewa a ba su ƙasar noma madadin wadda ruwa ya ci. Sun yarda da shi ne don ba a taɓa jin ya yi magana biyu ba. Wannan yardar ce kaɗai dukiyar da ta rage masa.

Ana nan sai aka kawo motar majigi don a zaga garuruwa a nuna wa manoma alherin noman rani. Ga wanda bai tarar da majigi ba: hoton ba ya Hausa, don haka mutum ke zama cikin motar da makirfo, yana leƙen ƙyallen ta 'yar taga, yana sa wa mutanen ciki magana. Da na ji ana neman mai wannan aiki, tsintsiya ko jingine ta ban yi ba.

A cikin hoton akwai wani tsoho da aka ɗauko daga nesa, malfa ta rufe masa fuska, yana rungume da damin alkama. Jami'in da ke kula da mu ya ce mini, “Ka sa tsohon nan ya yi godiya. Amma da muryar da manomi zai ji ya yarda.”

Murya ɗaya na sani a duniya mai wannan siffa.

Wallahi ban yi nufin mugunta ba, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni haushi. Mugu ko banza yana da lissafi. Ni gwaninta kawai nake son nunawa. A Jangebe aka tafa. A Birnin Tudu wani ya ce a maimaita wurin tsohon. A Bakura jami'in ya dafa kafaɗata ya kira ni gwani. Ko sau ɗaya ban tsaya na tuna cewa mutanen nan kasuwa ɗaya suke ci da mutanen Maradun ba.

Har Inna ta ce mini wata safiya, “Ka ji abin da ya samu kawunka? Mutane sun bar tsayawa gaisawa da shi. Wai an saye shi.” Ita ba ta san mafarin zancen ba. Ni kuwa, da bakina cike da fura, na girgiza kai na ce, “Kai, Inna, mutane ba su da kirki.” (Ku yi dariyarku, ni ma na yi daga baya, amma ba mai daɗi ba.)

Muka iso Maradun ranar kasuwa. Bayan magariba fili ya cika maƙil, har da mutanen tudun nan da aka tasa, sun zauna gefe guda fuska ba walwala. Ni ban ga wannan ba, ina cikin mota ina kurɓar ruwan zafi da citta don murya ta buɗe. Zuwa lokacin na haddace hoton tsaf, na daina leƙen taga. Na ce ai Sha-Harsashi ido rufe yake aikinsa, ni me zai hana?

Da aka zo wurin tsohon, na runtse ido, na yi gyaran murya, na saki.

“To, ku saurara da kyau. Ni dai ruwan ga alheri ya zame mani. Gonar da nir rasa ba ta kai wadda nis samu ba.”

Abin da ban sani ba shi ne fim ɗin ya tsinke tun a kalmar farko. Babu tsoho, babu alkama, sai farin haske a kan ƙyalle. Janareto na ruri a bayana, ban ji mai juya na'ura yana dukan jikin mota ba. Kuma da yake daɗin abin ya kwashe ni, har ƙari na yi wanda ba a sa ni ba: “Duk wanda kaj ji shina kuka, raggo ne, bai son aiki!”

Jama'a na kallon farin ƙyalle, muryar Bawa na tashi daga lasifika, ga kuma Bawa tsaye a tsakiyarsu, baki a rufe.

Iska mai sanyi na ji ta taɓa mini ƙeya. Na buɗe ido. Ƙofa a wangale, Kawu a tsaye, bayansa kawuna iya ganina. Makirfon na nan a kunne a hannuna.

Da mari ya yi mini da na gode. Gaishe ni ya yi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙon da ba a san daga inda ya fito ba.

“Salamu alaikum. Malam, ina wuni? Ina gajiya? Yaya aiki? Yaya mutanen gida?”

Kowace kalma lasifika ta kai ta har bakin kasuwa. Dole in amsa, to amma da wace murya? Tawa na nema na rasa. Abin da ya fito wani siririn abu ne kamar na ɗan akuya: “La… lahiya lau, Kawu.”

Wani ya ɗaga murya daga baya, “La ilaha! Ɗan ƙanwarsa ne!”

Kawu ya ce, “Ƙarasa mana. Ina son in ji sauran abin da nic ce.”

Ya yi gyaran murya, ainihin na gaskiyar, ya ce, “Fadamata ruwa yac ci, da idona nig gani. Ban san har bakina anka ɗauka ba.” Ya juya ya tafi, mutane na darewa suna ba shi hanya.

Na yunƙura in bi shi, wayar makirfo ta harɗe mini ƙafa, na faɗo daga motar rub da ciki, lasifika ta yi wata ƙara mai tsaga kunne. Nan fa dariya ta ɓarke. Yara suka raka ni har tasha suna gyaran murya.

Sunan Kawu ya wanku, a ƙalla. Washegari mutanensa suka je ba shi haƙuri. Ƙasar noman dai bai same ta ba, tsakuwar nan ya yi ta karta har ƙarfinsa ya ƙare. Ni kuwa jami'in ya ce muryar ta tashi daga aiki, kuma ba shi da bukatar wata. Ko sharar ban koma ba.

Kawu bai zage ni ba, bai kore ni ba. In na je, a kawo mini tuwo kamar kullum. Amma daga ranar, in na gaishe shi hannu kawai yake ɗaga mini. Zai yi hira da Inna, da maƙwabta, har da awakinsa, ina sallama sai ya tsuke baki. Da Inna ta roƙe shi, cewa ya yi da ita, “Ban ƙi shi ba. Abin da yar rage mani nika adanawa.” Haka muka zauna har Allah ya karɓi abinsa. Ban sake jin muryar nan daga bakin mai ita ba, kuma abin yana ci mini rai har gobe.

Yanzu jikokinsa da ba su tarar da shi ba sukan ce, “Baba, an ce ka iya muryar kakanmu, yi mana.” Duk duniya ni kaɗai na rage da ita. Sai in ce musu mura nake yi.

Sai da na tsufa na gane wayon Sha-Harsashi. Shi jaki yake yi wa magana, jaki kuwa ba shi da sunan da za a ɓata. Ni ma da na tsaya a kan jakin, da ban sha wahalar kwaikwayo ba, muryata ta asali ma ta isa. Don haka duk yaron da ya ce mini yana son sana'ar murya, shawara biyu nake ba shi: ya bar ta kawunsa inda ya gan ta, kuma komai daɗin aiki ya riƙa buɗe ido.